BABI NA UKU: GYARAN HOTO A BANGON MUJALLA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bi diddigin yadda hoto ya shigo cikin aikin jarida, tun daga wajajen 1880 da aka gano hanyar buga shi tare da rubutu a kan takarda ɗaya, har zuwa fitowar mujallu irin su Life ta Amurka a 1936, waɗanda hoto ne ƙashin bayansu. A wannan babi kuwa za a dubi abin da ke samun hoto bayan ya bar hannun wanda ya ɗauke shi, wato lokacin da ya isa teburin edita da na mai tsara shafi. An keɓe bangon mujalla da nazari ne saboda a nan ne buƙatar kasuwa da haƙƙin mai karatu suka fi yin karo. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: wane gyara ne ya halatta a yi wa hoton labari, kuma daga ina ne gyara yake komawa ƙarya?

3.1 Hoton Ado da Hoton Labari

Kafin a shiga misalai, ya kamata a bambanta nau'in hoto guda biyu. Akwai hoton da mutum kan je ya ɗauka a shagon mai hoto ranar Salla ko lokacin biki. Irin wannan hoto tun da can ana yi masa kwaskwarima. Mai hoto kan rataya labule mai zanen bene ko jirgin sama a bayan mutum, ya goge masa ƙuraje, ya ƙara masa hasken fata, kuma ba a taɓa kiran wannan yaudara ba. Dalili kuwa shi ne, da mai hoton, da wanda aka ɗauka, da baƙon da zai gani rataye a ɗaki, duk sun san ado ne. Ba wanda zai tafi da tunanin cewa benen na mutumin ne.

Hoton labari ba haka yake ba. Idan jarida ta buga hoto, tamkar tana ce wa mai karatu ne: wakilinmu ya tsaya a wuri kaza, a lokaci kaza, ga kuma abin da ya gani. Bahaushe na cewa gani ya kori ji. Mutum yana iya musa rubutu, ya ce ai ra'ayin marubuci ne, amma da wuya ya musa abin da yake jin idonsa ne ya gane masa. Wannan yarda ita ce jarin ɗan jarida mai ɗaukar hoto, kuma ita ce ake ci wa amana duk lokacin da aka sauya hoto a ɓoye.

Ya kamata a lura cewa ba kwamfuta ce ta kawo sauya hoto ba. A Tarayyar Sobiyet, an taɓa ɗaukar Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, yana tafiya kusa da Stalin a bakin wani mashigin ruwa. Bayan an kashe shi a 1940, sai aka goge shi daga hoton, aka cike gurbinsa da ruwa. Aikin hannu ne, na fenti da buroshi da almakashi. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri da araha da ɓatar da sawu, musamman bayan fitowar manhajar Photoshop a 1990.

3.2 Abin da Bango Yake Buƙata

Matsalar farko ta bango ita ce siffarsa. Mujalla a tsaye take, tsawonta ya fi faɗinta. Kyamara kuwa galibi a kwance take ɗaukar hoto. Alal misali, gurbin hoto guda a jikin fim mai milimita 35 yana da faɗin milimita 36 da tsawon milimita 24. Ke nan, duk hoton da aka ɗauka a kwance, in za a sa shi ya cika bango, dole ya rasa wani abu daga dama ko daga hagu. Bayan wannan, sunan mujallar zai cinye saman shafi, kanun babban labari zai nemi wurinsa, ƙananan kanu su ma haka, ga farashi da kwanan wata. Saboda haka mai tsara bango yakan fi son hoton da ke da fili, wato sararin sama ko bango ko ruwa, inda zai zuba rubutu ba tare da ya rufe fuskar kowa ba. Yakan kuma fi son mutum ɗaya a kan taro, domin ido ya san inda zai sauka daga nesa.

Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma ba laifi ba ne mujalla ta so a saye ta. Sai dai abin da ya faru a duniya bai san da su ba. Mai ɗaukar hoto a fagen yaƙi ko a wurin haɗari ba ya da damar ce wa mutane su matsa domin a bar wa suna fili. Daga nan ne jarrabawar edita take farawa: ko dai ya nemi wani hoton da ya dace da bango, ko kuwa ya tilasta wa wanda ke hannunsa ya dace.

A Nijeriya wannan batu yana da wani ƙarin nauyi. Mujallun labarai irin su Newswatch da ta fara fita a 1985, da Citizen ta Kaduna a 1990, da Tell a 1991, da TheNews a 1993, sun dogara ƙwarai ga masu sayar da jarida a bakin titi, inda bango ne kaɗai yake yi wa mujalla talla. Haka ma mujallar Fim da ta fara fita da Hausa a 1999. Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai sayar da jarida ya san cewa masu kallo sun fi masu saye yawa, kuma cikin masu kallon akwai waɗanda ba sa karanta Turanci, ko ma ba sa karanta boko gaba ɗaya. Irin wannan mutum hoton bango ne iyakar labarin da zai samu, shi ne kuma zai kai majalisa da yamma.

3.3 Misalai Uku

3.3.1 National Geographic, 1982

A watan Fabrairun 1982, mujallar National Geographic ta fito da hoton raƙuma suna wucewa gaban gine-ginen dala na Giza a ƙasar Masar. Gordon Gahan ne ya ɗauki hoton, kuma a kwance ya ɗauke shi. Domin ya shiga bango, sai aka yi amfani da na'urar kamfanin Scitex aka matso da dala ɗaya kusa da 'yar'uwarta. Hujjar da aka kawo a lokacin ita ce, da mai hoton ya gusa kaɗan, ai haka zai gan su. Wannan hujja tana da daɗin ji, amma gaskiyar magana ita ce bai gusa ɗin ba. Ba a cuci kowa a wannan hoto ba, dutse ne aka matsar, to amma shekaru da dama bayan haka mujallar ta ci gaba da amsa tambaya a kansa, kuma ita da kanta ta amince daga baya cewa kuskure ne.

3.3.2 Time da Newsweek, 1994

Misali na biyu ya fi na farko muni, domin mutum ne aka taɓa. A watan Yunin 1994 aka kama O.J. Simpson, shahararren ɗan wasa baƙar fata a Amurka, bisa zargin kashe tsohuwar matarsa da wani abokinta. 'Yan sandan Los Angeles suka raba wa 'yan jarida hoton da suka ɗauke shi bayan kamu. Mujallun Time da Newsweek duk suka sa wannan hoto guda a bangon fitowarsu ta 27 ga Yuni. Newsweek ta buga shi yadda ta same shi. Time kuwa ta miƙa shi ga wani mai zane, Matt Mahurin, wanda ya ƙara wa fuskar duhu, ya dusashe gefunan hoton, ya kuma rage girman lambar da 'yan sanda suka sa a ƙasa.

Da a ce Time ce kaɗai ta buga hoton, mai yiwuwa da kaɗan ne za su lura. Amma mujallun biyu sun zauna kafaɗa da kafaɗa a wurin masu sayarwa, kowa ya ga bambancin da idonsa. Nan da nan aka zargi Time da ƙara wa mutum baƙi domin ya ƙara kama da mai laifi, a ƙasar da launin fata yake da dogon tarihi a kotu da wajen kotu, kuma a lokacin da ko shari'a ba a fara ba. (An wanke shi daga tuhumar kisan a 1995.) Editan mujallar, James Gaines, ya rubuta wa masu karatu cewa ba a yi da nufin wariya ba, ya kuma nuna nadama.

Abu biyu ne suka sa wannan misali ya zama muhimmi ga wannan nazari. Na farko, ba a ƙara kome a hoton ba, ba a kuma cire kowa ba. Haske da duhu ne aka fi taɓawa, wanda gyara ne da ake yi kullum tun zamanin ɗakin wankin hoto. Wannan ya nuna cewa ba sunan gyaran ne abin dubawa ba, a'a, iyakar inda aka kai shi da kuma abin da ya sa mai kallo ya gaskata. Na biyu, Time ba ta ɓoye aikin gaba ɗaya ba. Ta rubuta a shafin ciki, da ƙananan haruffa, cewa hoton an yi masa aikin zane. Sai dai wanda ya ga bango a bakin titi ya wuce bai buɗe shafin ciki ba.

3.3.3 The Economist, 2010

A 2010, lokacin da man fetur ya malala a Tekun Meziko daga rijiyar kamfanin BP, mujallar The Economist ta Landan ta sa hoton Shugaba Obama a bangonta na 19 ga Yuni. An nuna shi shi kaɗai a bakin teku a jihar Louisiana, kansa a sunkuye, ga wurin haƙar mai can nesa a bayansa. Duk wanda ya ga hoton zai ce ga shugaban da damuwa ta kaɗaice da shi. Amma a ainihin hoton, wanda Larry Downing na kamfanin Reuters ya ɗauka, mutum uku ne a tsaye. Akwai Thad Allen, babban jami'in tsaron gaɓar teku, da Charlotte Randolph, shugabar ƙaramar hukumar yankin, kuma Obama ya sunkuya ne suna cikin magana. An fitar da Allen ta hanyar datse gefen hoton. Randolph kuwa tana tsaye dab da Obama, almakashi ba zai raba su ba, sai aka goge ta aka shafa ruwan teku a gurbinta. Mataimakiyar editan, Emma Duncan, ta bayyana cewa ta cire matar ne domin kada masu karatu su ruɗe da ganin wadda ba su sani ba.

Wannan hoto ya haɗa datsewa da gogewa wuri ɗaya, don haka ya dace a yi tambaya a kansa: me ya sa aka yi shiru a kan fitar da Allen, aka yi ca a kan fitar da Randolph, alhali sakamakon ɗaya ne? Amsar da aka saba bayarwa ita ce, kowane mai kallo ya san hoto yana da iyaka, kuma duniya ta ci gaba a bayan iyakar. Abin da ya rage a cikin hoton da aka datse gaskiya ne, ko da ba ita ce dukkan gaskiyar ba. Gogewa kuwa ƙirƙira ce, domin ruwan da aka nuna a gefen Obama kyamara ba ta gan shi a wurin ba. Mai wannan nazari ya yarda da wannan bambanci, amma yana ganin bai wadatar ba. Datsewa ma tana iya yin ƙarya. Mai hoton da ya je taron siyasa yana iya matse hotonsa a kan layin gaba, filin da ba kowa ya zama kamar ya cika maƙil, ko ya juya ga kujerun baya, taron da ya cika ya zama kamar an watse. Bai goge kowa ba, amma ya san abin da ya yi.

3.4 Ma'aunin Kamfanonin Dillancin Labarai

Kamfanonin dillancin labarai sun fi mujallu tsanani a wannan fage, kuma dalilin a fili yake: hotonsu guda yana zuwa ɗaruruwan jaridu, kuma ba su da abin sayarwa sai yarda. Ƙa'idar kamfanin AP ta halatta datse hoto, da mayar da mai launi zuwa fari da baƙi, da daidaita haske da launi gwargwadon abin da zai maido da yanayin da aka gani a wurin. Ta haramta ƙara wani abu ko cire shi, har ma da gyara jan idon da hasken kyamara kan haifar.

An sha ganin yadda ake aiwatar da irin wannan ƙa'ida. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori Brian Walski bayan ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka kusa da Basra a Iraƙi suka zama ɗaya, asirin kuma ya tonu ne da aka ga wasu mutane sun fito sau biyu a cikin taron. A 2006 Reuters ta janye hotuna 920 na Adnan Hajj bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton Berut da aka yi wa ruwan bama-bamai. Amma misalin da ya fi jan hankali shi ne na Narciso Contreras. A farkon 2014 kamfanin AP ya raba gari da shi saboda ya goge kyamarar wani abokin aikinsa da ta fito a kusurwar hoton wani mayaƙi a Siriya. Shi da kansa ya faɗi abin da ya yi, an binciki sauran hotunansa kusan 500 ba a sami wani gyaran ba, kuma yana cikin ayarin da ya ci kyautar Pulitzer a 2013. Duk da haka ba a ɗaga masa ƙafa ba. Za a iya cewa hukuncin ya yi tsauri. To amma mai karatu ba ya da hanyar sanin wace gogewa ce marar illa, wace ce mai illa. Bugu da ƙari, ita kanta kyamarar labari ce, domin tana shaida cewa akwai 'yan jarida tare da mayaƙan a wannan lokaci.

A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kimanin kashi 20 cikin 100 na ayyukan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙima, bayan an gwama su da asalinsu na cikin kyamara. A watan Maris na 2024 kuma, AP da Reuters da AFP suka janye hoton Gimbiya Catherine da 'ya'yanta wanda fadar Kensington ta Ingila ta raba, saboda alamun gyara, kuma gimbiyar ta amsa cewa ita ta taɓa shi. Wannan darasi ne ga jaridunmu, waɗanda da yawa daga cikin hotunan shugabanni da suke bugawa daga ofisoshin watsa labarai na gwamnati suke zuwa. Jaridar Al-Ahram ta Masar ta nuna inda son faranta wa mai mulki kan kai, lokacin da a Satumbar 2010 ta ɗauko Shugaba Mubarak daga gefen ayarin shugabanni a fadar White House ta dasa shi a gaba, har gaban Obama mai masauki.

3.5 Hoton Gaskiya da Bayanin Ƙarya

Akwai wata hanyar ɓata hoto wadda ba ta buƙatar manhaja ko kaɗan, kuma ita ce ta fi yi wa Nijeriya ɓarna, wato a ɗauko hoton gaskiya a ɗora masa bayanin ƙarya. A Yulin 2010 wata tankar mai ta kife ta kama da wuta a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mutum fiye da 200 suka mutu. Hoton gawarwakin da aka jera ya yi shekaru yana yawo a intanet da sunan wai mutanen da aka ƙona ne a rikicin addini a Nijeriya. A 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, an yi ta yaɗa hoton wata yarinya a matsayin ɗaya daga cikinsu, alhali Ami Vitale ce ta ɗauke shi a Gini Bisau shekaru kafin haka, cikin wani aiki da ba ruwansa da satar mutane. Waɗanda suka yaɗa shi da kyakkyawar niyya suka yi, amma yarinyar da iyayenta ba wanda ya tambaye su. A 2018 kuma wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar suka yawata a Facebook, suka ƙara rura wutar ramuwar gayya.

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta wa ɗan jaridar Nijeriya tabbatar da gaskiyar abin da zai buga. Wannan wajibi ya hau kan bayanin da ke ƙarƙashin hoto kamar yadda ya hau kan labari. Editan da ya ɗauko hoto daga intanet bai san wanda ya ɗauka ba, bai san wuri da rana ba, ya sa a bango, bai fi wanda ya goge mutum da kwamfuta gaskiya ba.

3.6 Sanar da Mai Karatu

Bayanan da suka gabata ba sa nufin cewa dole bango ya kasance hoto tsagwaro a kullum. Mujalla tana da damar yin zane, ko haɗa hotuna domin bayyana ra'ayi. Idan aka ɗora kan ɗan siyasa a jikin ɗan dambe, ba wanda zai ruɗe, domin abin ya fito fili kamar labulen mai hoton Salla. Haɗarin yana ga haɗin da zai iya zama gaskiya. A 2005 Newsweek ta ɗora kan Martha Stewart, wadda ke dab da fitowa daga kurkuku, a jikin wata mata daban, mutane da yawa kuma suka ɗauka sabon hotonta ne. Bayan sukar da ta sha, mujallar ta sanar cewa daga lokacin za ta riƙa bayyana irin wannan aiki a kan bangon kansa maimakon shafin ciki. Wannan buƙata ta ƙara ƙarfi tun da aka sami manhajojin da ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba daga rubutu kawai.

Ga mujallun Hausa, mai wannan nazari yana ba da shawarar a riƙa rubuta "haɗaɗɗen hoto ne" a jikin hoton, da haruffan da mai tsayuwa a gaban tebur zai iya karantawa. Ko da hakan, akwai inda rubutu ba zai yi magani ba, tunda an riga an nuna cewa wasu masu kallon ba sa karatu. Jera fuskokin 'yan fim biyar a bango abu ne da kowa ya saba gani, ya kuma san haɗi ne. Amma a ɗauko mutum biyu da ake raɗe-raɗin aure ko rigima a tsakaninsu, a manna su kafaɗa da kafaɗa kamar a wuri ɗaya aka ɗauke su, wannan ko an rubuta a ƙasa, wanda ya hango daga kan babur ya riga ya tafi da labarin cewa an gan su tare.